Sola a saman Hayis don kwana a hanya, wa ya taba gwadawa?

Mai_Ridi:

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah wadanda suka san harkar sola ku taimaka min da shawara. Inada wata tsohuwar Hayis da na cire mata kujerun baya na shimfida katako na dora katifa, don ni harkata sayen ridi da zobo da wake ce a kasuwannin Jigawa da Yobe, in na bar Kano don cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis sau da yawa bana dawowa sai in zarce Gumel ko Nguru, kuma ba kowane gari ne zaka samu masaukin da hankalinka zai kwanta ba shiyasa na gwammace in kwana a motata. Lokacin sanyi ba wata damuwa, amma daga Maris zuwa Mayu cikin motar nan baya kwanuwa, in ka rufe gilashi gumi in ka bude sauro.

Ina ganin bidiyon Turawa a YouTube suna maida irin wadannan motocin daki guda harda firij da fitilu, duk da sola a saman rufi. Ni burina bai kai nasu ba, fanka daya da zata kwana tana yi, kwan fitila biyu, cajin wayoyi biyu da POS, sai dan karamin firij na ruwan sanyi da fura. In da hali harda AC ko karama ce.

To fanel nawa zan saya, kuma batirin motar zai dauki wannan aikin ko sai na sayi wani? Wani abokina yace in sayi katon fanel din nan mai wat 550 in hada da yar kwantirolar nan shudiya mai araha shikenan an gama. Haka abin yake? Nagode.

Injiniya_Sola:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo maganar fanel ɗauko biro da takarda tukuna, don duk wanda ya ce maka sayi kaza bai tambaye ka me za ka kunna ba kuma awa nawa, kayansa kawai yake so ya sayar.

Lissafin ba shi da wuya, wat ɗin abu sau awannin da zai yi yana aiki, abin da ya fito shi ake kira Wh. Fankar DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, mai wat 20 in ta yi awa 10, 200 kenan. Kwan LED biyu masu wat 5, awa 5, 50. Wayoyi da POS a ba su 50. Firij shi ne mai cin, na bolt 12 mai kwamfiresa yana jan kamar wat 45 lokacin da yake aiki, ba kullum yake aiki ba yana tashi yana tsayawa, amma a zafin Nguru ka ɗauka rabin yini da dare a kunne yake, awa 12 kenan, 540. Jimla 840. Ƙara masa kwata saboda asarar waya da caji, ka ce 1050 a rana. Wannan lambar ita ce komai, daga ita za a fitar da sauran.

Ka kula wajen sayen firij ɗin don akwai wata kula mai ƴar fanka a murfi da ake sayarwa da sunan firjin mota, ba ta da kwamfiresa, ba ta hutawa ko na minti ɗaya, kuma iyakacinta ta rage digiri 15 zuwa 20 daga zafin waje. In ana digiri 42 ka ga ruwan da za ta ba ka ba shi ne kake nufi da ruwan sanyi ba, ga shi ta shanye batir.

Fanel yanzu. A arewa muna samun kwatankwacin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana, mu ɗauki 5. Raba 1050 da 5, 210. Sai dai wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel an gwada shi ne fanel na kan digiri 25, a saman mota da azahar kuwa yana kai 65 ko fiye, kowane digiri ɗaya yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari, ka ga kashi 14 ya tafi tun ba a yi maganar ƙura ba. Shi ya sa ni zan ce wat 300, in akwai kuɗi 400. Abin da ke taimakonmu a nan shi ne Kano tana kan digiri 12 ne kawai daga tsakiyar duniya, rana ta kan ka take bi, don haka fanel a kwance a rufin mota ba ya asara sosai.

Maganar abokinka kuwa, ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Kwantirola ita ce na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji, wannan shuɗiyar irin da ake kira PWM ce, aikinta ta janyo bolt ɗin fanel ƙasa ya yi daidai da na batir. Fanel mai 550 yana ba da kamar am 13 a bolt 41, in ka janyo shi zuwa 14 am ɗin bai ƙaru ba, 13 sau 14, wat 180 da ɗan abu. Ka biya kuɗin 550 kana cin kashi ɗaya cikin uku, wannan ma in ba ta ƙone ba don fanel ɗin yana kai bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba. Kwantirola irin MPPT ita ce ke juya rarar bolt ta zama am. Ta am 30 ta ishi wat 300, in 400 ne ɗauki ta 40. Kuma shi kansa katon fanel ɗin tsawonsa ya wuce mita 2, nauyinsa ya kusa kilo 28, gilashi ne shimfiɗe a kan hanyar burji, ni gara biyu masu 150 ko 200.

Batirin mota kar ka taɓa shi. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa uku a tayar da inji sannan altaneta ta mayar masa, in kana sauke shi kowane dare ba zai daɗe ba, kuma za ka tashi da asuba a ƙauye kana neman masu tura mota. Batir daban. Litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah yana ɗauke da Wh 1280 kuma za ka iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, nauyinsa kilo 12 ko kusa. Na dalma rabi kawai ake ci in ana so ya yi rai, sai ka sayi 200Ah kafin ka kamo wancan, kilo 60 kenan. Tubula mai ruwa, dogon batirin inbata ɗin nan, kuwa ta gida ce, a mota asid zai dinga fantsama kuma in tana caji tana fitar da iskar haidirojin a inda kake kwana.

AC ka manta da ita. Mai doki ɗaya ko a ce tana jan wat 600 a matsakaici, awa 8 kusan 5000, ninkin duk lissafinmu kusan sau biyar, batirin litiyam biyar don ita kaɗai kuma rufin Hayis ba shi da filin fanel ɗin da zai cika su.

Direban_Daf:

Injiniya Allah ya kara basira, lissafi ya fita. Amma bari in fadi abinda takarda bata fada. Alhaji kai da ka san kasuwa, in ka isa Maigatari da hantsi ina kake faka mota? Gindin darbejiya ko gawo mana, kowa inuwa yake nema. To sola kuma rana takeso. In ka bar motar a rana don fanel ya sha, da daddare karfen nan ya dauki zafi har karfe goma sha biyu bai huce ba, firij ma ya ninka aiki. In ka kaita inuwa batir bai cika ba. Kuma ba sai inuwar ta rufe fanel duka ba, reshe daya ya gitta ko ka dora buhu daya gefensa ya taba, wutar ta fadi warwas don kwayoyin ciki a jere suke kamar sarka.

Abinda wasu abokan aikinmu keyi in zamu dade a layin lodi shine fanel guda a sama, guda kuma mai nadewa da doguwar waya, mota tana inuwa shi yana rana. Sai dai fa kasa ido, ko ka daure shi da sarka da kwado, kasuwa ce.

Sai kura. Lokacin hunturu in ka bi hanyar Machina yini daya ka shafa yatsa akan fanel zaka iya rubuta sunanka, kuma tunda a kwance yake ba abinda zai zubar da ita. Tsumma mai laushi da ruwa kullum da sassafe kafin gilashin yayi zafi, kar ka kwara masa ruwan sanyi da tsakar rana.

Ga masu manyan motoci dake karantawa, namu Daf da Howo bolt 24 ne, batir biyu a jere. Naga yara suna makala waya akan batir daya don su samu 12 su kunna fanka, wannan yana kashe batiran biyu ne don daya na sauka daya na cika fiye da kima. Akwai yar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, ita ake sawa.

Kuma dan girman Allah duk zafin da akeyi kar wani ya tada karamin janareta kusa da tagar da yake kwana, ko ya shigar da kurfoti cikin mota lokacin sanyi ya rufe kofa. Iskar dake kisan bata da wari, barci kawai mutum zai zarce.

Rewaya_Kofar_Ruwa:

Ni inda na dan sha bamban da Injiniya, an bar babbar wuta a gefe ana maganar karama. Alhaji mutum ne mai tafiya kusan kullum, altanetar motarsa tana juyawa a banza. In aka sa masa cajar DC zuwa DC mai am 20, wadda ke daukar wuta daga altaneta ta caja batir na biyu, tukin awa 3 zai zuba masa kusan 800 a batirin baya, ko ana hadari ko ana hazo ko cikin dare ne. Wato ranar da yayi doguwar tafiya fanel din ma kari ne. Sola tana da amfani ne ranar da ya zauna a gari daya bai tada mota ba.

In batirin dalma ne irin jel ko AGM, rile ma ya isa, wanda zai hada batiran biyu in inji na aiki ya rabasu in an kashe. Amma litiyam kar a jona shi kai tsaye, yana zukar duk abinda altaneta zata iya bayarwa ne baya cewa ya isa, in motar na tsaye tana aiki a hankali ba iska sai kwayil ya gasu. Mun sha nada irinsu.

Kuma litiyam din nan da ake ta yabo, mai kyau yana da kyau ba musu, amma kasuwa ta cika da wanda an rubuta 100 a jiki ciki bai kai ba, wani ma tsofaffin kwayoyi aka hada aka rufe da sabon kwali. In ba wajen wanda zai baka garanti a rubuce bane gara jel mai kyau ka san rabi zaka ci. Araha bata ado.

Sai wayarin, nan ne motoci ke kamawa da wuta ba a fanel ba. Fiyus akan wayar fulos dab da kan batir, bai wuce tsawon tafin hannu ba, don in wayar ta goge ta taba bodi kafin fiyus ba abinda zai tsayar da ita, batir zai zuba daruruwan am ta zama ja. Kowace waya da ta fita zuwa fanka ko firij itama da nata karamin fiyus. Kar ayi amfani da wayar gida mai sanda daya, girgiza na karyata, mai gashi ake sawa. Daga kwantirola zuwa batir waya mai kaurin mil 10, daga fanel mil 4 zuwa 6 da makullan jona wayar fanel da ake kira MC4. In zaka sayi waya kankare gashin da wuka, in ciki yayi fari alminiyam ne aka shafa masa jan karfe, ajiye musu. Duk inda waya zata ratsa karfe a sa roba a ramin.

Wajen hadawa batir ake fara jonawa kwantirola sannan fanel, wajen cirewa fanel ne farko. Kuma Hayis injinta karkashin kujerar gaba yake, kar a ajiye batir jikin wannan bangon don zafi na cin rayuwar batir, a kaishi kasa can baya inda iska ke wucewa a daure shi da karfe yadda ko birki aka taka da karfi ba zai taso ba.

Inbata in ba dole ba a barta. Duk abinda ka lissafa akwai na bolt 12, ita kuwa ko ba a kunna komai ba tana cin wat 10 zuwa 20 tana zaune, a kwana daya ta cinye rabon fankarka. Butar lantarki ta shayi wat 1500 ce zuwa sama, a bolt 12 ya haura am 125, dan gas dinka a waje yafi.

Na_Hamburg:

Sallama daga Jamus. Na ji daɗin zancen nan don ni ma ina da irin motar, Fiat Ducato, wadda akasarin motocin kwana na Turai a kanta ake gina su. Alhaji bidiyon da kake gani ka riƙa tacewa, don matsalarsu ba taka ba ce. Mu nan abin da ke damunmu rashin rana, fanel ɗin da ke cika min batir kafin azahar a watan Yuni, a Disamba ko kashi ɗaya cikin biyar ba ya bayarwa, ga litiyam ba a cajinsa in sanyi ya sauka ƙasa da sifili sai mai hita a ciki. Ga nauyi, lasin ɗin ƙaramar mota iyakarsa tan 3.5, shi ya sa kowa ke gudun batirin dalma. Kuma mafi yawansu suna kwana ne a sansanin da ake biya a jona wutar 230 da wani shuɗin soket, AC ɗin da kake gani a rufinsu galibi da wannan wutar take aiki ba da sola ba, ba sa faɗa a bidiyon ne kawai.

Abu biyu da zan ce ka ɗauka daga wajensu. Na farko kar ka sayi fanel mai lanƙwasa ɗin nan da ake mannawa jikin rufi, yana da kyan gani amma ba iska a ƙarƙashinsa, ko a nan ba ya kai mai firam daɗewa balle a zafin Yobe. Mai firam ɗin alminiyam, a bar tazarar yatsa uku tsakaninsa da rufi iska na wucewa, sai ya zame wa motar rumfa ma. Nan da gam ake kafawa irin Sikaflex ba a huda rufi, amma titinmu sumul ne, kai a hanyarka zan fi natsuwa da mai walda ya yi maka ƙarfen ɗora kaya a ɗaure da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa, ramin da waya za ta shiga kuma a toshe shi da kyau kafin damina.

Na biyu, kuma wannan ya fi fanel muhimmanci a wajenka, fankar rufi mai zuƙo iska waje. Fankar da ke juyawa a ciki iskar zafin take kaɗa maka. In aka yanka rufi aka sa mai fitarwa, ka sauke gilashi ɗaya da raga saboda sauro, iskar dare za ta dinga shigowa tana wucewa ta kanka, kuma cinta bai wuce na ɗaya fankar ba. Haɗa da soso ko abin hana zafi tsakanin ƙarfe da silin, da abin nan mai ƙyalli a gilashin gaba. In motar ba fara ba ce a fenta rufin fari.

Gaskiyar Malam Rewaya kan altaneta, mu nan sababbin motoci ma altanetarsu kwamfuta ke sarrafa ta tana sauke bolt don rage shan mai, rile ba ya aiki da su yadda ya kamata sai DC zuwa DC.

Mai_Ridi:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, AC dai na hakura. Sai dai gaskiya in na hada duk wannan a lokaci daya zai taba jarin ridi. Injiniya za a iya yinsa kadan kadan? Da wanne zan fara? Kuma naga wani akwati da ake sayarwa komai a ciki, batir da inbata da wajen caji, ba zai fi min sauki ba?

Injiniya_Sola:

Za a iya Alhaji, kuma na yarda da Malam Rewaya, tunda kana tuƙi sosai fara da batir da fiyus da cajar altaneta da fankar rufi. Ba firij lissafinka 300 ne kacal a rana, ko da ƙarin fankar rufi batirin litiyam 100Ah zai kai ka dare biyu. Bayan kaka in kuɗi sun shigo sai firij da fanel su zo tare, don firij ɗin ne ke buƙatar solar. Kwantirola dai sayi MPPT mai am 30 ko 40 tun farko ko da fanel ɗaya za ka fara, in za ka ƙara na biyu ya zama iri ɗaya da na farko, kuma saboda maganar inuwa da Oga Direba ya yi a haɗa su fulos da fulos, kowanne ya ci gashin kansa. In jel ka saya ka sayi girman da kake so gaba ɗaya, ba a haɗa sabo da wanda ya shekara yana aiki.

Akwatin ba laifi, ba wayarin kuma kana iya shiga da shi gida in an ɗauke wuta. Duba abu uku a jikinsa, ya zama LiFePO4, lambar Wh ta kai 1000 ba lambar wat ɗin inbata ba don da ita suke ruɗar mutane, sannan iyakar bolt da wat ɗin sola da yake karɓa. Ka sani kuma ta soket ɗin sigari wat 100 zuwa 120 kawai yake sha, tuƙin awa 3 bai fi 360 ba, ƙasa da rabin abin da cajar am 20 za ta ba ka. Auno min tsawo da faɗin rufin ka turo, a cire inda fankar za ta zauna mu ga fanel nawa zai shiga.